Godiya ga shagon sola na Ringim da ya haɗa mini wutar ɗakin aiki

Assalamu alaikum Alhaji, da kai da yaran shagonka baki ɗaya.

Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne saboda ire-irena, mazauna ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura masu aikin rubutu da lissafi a kwamfuta daga gida, inda wutar gari sai an ga dama. Mun sha wuya a hannun masu sayar da kayan sola, har ta kai mutum yana shiga shago da fargaba.

Kowa ya san yadda ake yi a yawancin wurare. Kana cewa wuta kake so, sai a nuna maka farantin sola da batir da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gari), a yanka maka kuɗi. Babu mai tambayar me za ka kunna, balle awa nawa. Irin haɗin da aka taɓa yi mini ke nan a wani wuri: faranti an manna masa takardar wat 300 amma ko rabi ba ya bayarwa, waya tana ɗaukar zafi, fanka tana gurnani, batir kuma bai ga damina ta biyu ba.

Shi ya sa na yi mamaki da matashin injiniyanku ya ƙi taɓa kaya, ya jawo takarda da biro tukuna. Lissafin da ya yi ya kamata duk mai shirin buɗe ofis a gida ya kwafa. Ya riƙa ninka wat ɗin kowane abu da awannin da zai yi a kunne, sakamakon shi ake kira wat-awa: kwamfutar tafi-da-gidanka wat 60, awa 6, ya ba da 360. Fanka mai aiki da wutar batir wat 25, awa 8, ya ba da 200. Ƙwan fitila biyu masu wat 9, awa 4, 72 ke nan. Na'urar intanet wat 10, awa 10, 100. Cajin wayoyin gida ya sa 30. Jimla wat-awa 762 a wuni. Ya ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda abin da ke salwanta a inbata da waya, abin ya doshi 950. Batirin ruwa mai bolt 12, 200Ah (ma'aunin yawan cajin da yake riƙewa), in an ninka su biyun yana ɗaukar wat-awa 2,400, amma rabi kawai ake sha, wato 1,200, domin wanda ake tatsewa ƙarƙaf kullum ba ya daɗewa. Faranti ɗaya mai wat 400, a awa biyar na rana mai ƙarfi, bayan an cire abin da zafi da ƙura ke ragewa, yana kawo wajen 1,500. Ya ce, "Malam, wannan ya ishe ka."

Ni kuwa da kuɗin batir biyu da babbar inbata na je. Shi ya hana ni. Ya bayyana mini cewa babbar inbata tana cin wuta ko ba a jona mata komai ba, kuma batir biyu a kan faranti ɗaya ba za su riƙa cika ba, rashin cika kuwa shi ke kashe batirin ruwa a hankali. Ya ba ni ƙaramar inbata, 1kVA, mai fitar da wuta sumul irin ta gari, wadda ba ta sa fanka kuka ko caja zafi. Ban taɓa ganin ɗan kasuwa ya rage wa kansa ciniki da bakinsa ba sai ranar.

A wuri biyu kuma ya ƙi sassautawa, kuma gaskiyarsa. Na farko kwantirola, wato na'urar da ke tsakanin faranti da batir tana daidaita caji. Babban faranti yana fitar da sama da bolt 30, batir kuma yana caji a wajen 14. In aka sa mai arha, wato PWM, janyo ƙarfin farantin take yi zuwa na batir, sai fiye da rabin wutar ta bi iska. Don haka sai irin da ake kira MPPT, wadda ba ta wannan asara, mai amfiya 30. Na biyu waya. A gabana ya kankare bakin wata waya da wuƙa, sai ga fari a ciki: alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, kuma da ita aka cika kasuwa. Ya yanko taku, ja har ciki. Ya sa mai kauri 6 (a ma'aunin kaurin waya, wato murabba'in milimita) daga faranti zuwa kwantirola, mai kauri 25 gajeriya daga batir zuwa inbata, da fis a tsakani. Ya kuma gargaɗe ni game da firinta: mai hoda tana da abin ɗumama takarda a ciki, tana fizgar ɗaruruwan wat lokacin da ta tashi, don haka mai tawada ce ta dace da ƙaramin haɗi irin wannan.

Ranar kafawa an zo a kan lokaci, an gama kafin la'asar. Farantin ya fuskanci kudu, an ɗan karkata shi kamar digiri 15, an bar rata tsakaninsa da kwanon rufi don iska ta ratsa. Sai da yaron ya tsaya ya duba inda inuwar darbejiyar ƙofar gida ke faɗawa da yamma, ya matsar da shi, domin inuwa a kusurwa ɗaya tana iya karya ƙarfin farantin sosai. Batir kuma bai yarda ya kwana a cikin ɗakin ba, sai a lungun zaure mai iska, a kan katako, saboda yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji. Ya rubuta mini a bango: duba ruwan batir duk wata, a ƙara tataccen ruwan batir kawai, ban da na rijiya ko na burtsatse; wanke faranti da sassafe duk mako in hunturu ya shigo.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne shawarar da ba ta cikin cinikinku. Ya ga teburina yana kallon taga, ya ce a juya shi tagar ta koma gefe, hasken ya daina kashe ido. Ya auna, ya ce a gaya wa kafinta tsayin tebur inci 29, kujera kuma ta bar tafin ƙafa ya zauna a ƙasa. A ɗaga kwamfutar har saman allonta ya zo daidai ido, a sayi madannai na daban, wuya da kafaɗa su huta. Na'urar intanet ya rataye ta sama kusa da taga, sabis ya ƙaru nan take. Ya kuma faɗa mini gaskiya cewa ɗakin kwano marar silin, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, fanka iska mai zafi kawai za ta riƙa kaɗawa, kuma kwamfutar ma wahala za ta sha. An sa silin, an ga bambanci.

Abin baƙin ciki, wannan da ya kamata ya zama ruwan dare ya koma abin ba da labari. A zagaya ƙauyukanmu a ga fitilun sola na kan titi da suka mutu, da asibitocin karkara masu faranti a rufi amma ana karɓar haihuwa da tocila. Galibi ba rana ce ta gaza ba. Lissafi ne ba a yi ba, ko waya ce ta jabu, ko an kafa an tafi ba a koya wa kowa duba ruwan batir ba. Manomi zai sayar da buhunan riɗinsa ya sayi kaya, ba rasit, ba garanti, in abu ya lalace ya kira a ƙi ɗagawa. Wani ma laifin za a juye masa, a ce shi ya jona abin da ya fi ƙarfi, alhali tun farko ba wanda ya gaya masa iyakar abin da zai jona.

Ku kun ba ni rasit mai ɗauke da lambar kowane kaya. Bayan mako biyu yaron nan ya biyo a kan babur ba tare da na kira ba, ya gwada batir da mita, ya ƙara ɗaure kawunan waya, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Alhaji, ina roƙonka ka riƙe shi da kyau, ka kuma ɗauki wasu yara daga ƙauyukan nan su koya a hannunsa.

Allah ya yi masa albarka, ya ƙara wa shagonku kasuwa, ya saka muku da alheri.

Naku,
Wani malamin makaranta daga ƙaramar hukumar Taura, jihar Jigawa