Zuwa ga mutumina na Legas

Assalamu alaikum mutumina, ya Legas, ya iyali? Mu nan Jos hunturu ya sauko, da asuba sai an ɗumama ruwa kafin mutum ya iya alwala.

Wani abu ne ya tsaya min a rai, kuma kai ka san halina tun muna yara a Gangare. Ran Talata a Farin Gada na balbale yarona da faɗa gaban kwastomomi, wai ya ba wata mata canji da rarar naira 200. Yaron bai ce uffan ba, idonsa ne kawai ya kawo ruwa. Da dare barci ya gagare ni, ina ta juyi ina tambayar kaina, yanzu ɗari biyun nan ce ta sa ni wannan haukan? Wallahi ba ita ba ce. Tun da safe mutumin Bokkos da na karɓi buhunan dankali bashi a wajensa ya kira ya gaya min magana son ransa, kunya da tsoro suka cika min ciki, na rasa inda zan juye su sai kan wanda ba zai iya ramawa ba. Sai a daren na gane faɗan da Baba ya dinga yi mana bayan gobarar kasuwar Terminus a 2002, ashe ba mu ne muka yi laifi ba, shagonsa yake wa kuka.

Ka tuna maganar Sayyidina Umar da ake biya mana a islamiyya, ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku? Mu lokacin hadda kawai muke don gudun bulala. To yanzu na sayi ɗan littafi, bayan isha'i ina rubuta abin da ya ɓata min rai da ainihin sunansa, ba sunan da na laƙa masa da rana ba. Rabi yunwa ce, rabi bashi.

Kai ma kana ciki fa. Ranar da ka turo hoton motarka a WhatsApp na rubuta Allah sa alheri, amma ƙirjina ya yi nauyi har la'asar. Na daɗe riƙe da biro kafin na iya rubuta hassada. Ka yafe min.

Yaron dai na ba shi haƙuri washegari, ya tsaya yana kallona kamar na yi gamo. Ka gaida madam da yara, in za ka zo da sallah ka taho da motar, ni zan zauna gidan gaba.