Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban birnin Yamai: a kwashe mana yashin bakin kwalta

Ranka ya daɗe, salamu alaikum. Allah ya taya ka riƙo. Ba zan ja gaisuwa ba, domin abin da ke tafe da ni ƙarami ne a ido, yashi ne kawai, amma saura ƙiris ya sa in mayar wa ƙanwata gawar ɗanta.

Ni malamin makaranta ne a unguwar Bukoki, kuma keke ne abin hawana tun ina saurayi. Da aka yi hutu, ɗan ƙanwata ya zo daga Tawa. Bai taɓa ganin Yamai ba sai a talabijin, ya dame ni da "kawu, a kai ni in ga gari". Mota ba ni da ita, taksi kuma shataletale da bayan motoci kawai zai nuna masa. Sai na aro masa keke wurin mai facin unguwarmu, ran Lahadi bayan asuba muka kama hanya. Har gobe ina nan kan bakana: Yamai ta fi ƙarfin ƙafa saboda faɗinta da zafin ranarta, mota kuma ta cika sauri. Mai keke ne ke jin warin gari, ya tsaya inda ya ga dama, ya gai da mutane su amsa.

Mun fara da kasuwar Katako, inda maƙera ke mayar da tsohuwar gwangwani da ƙarfen mota su zama bokiti da akwati da tukunya. Daga nan muka gangara gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, tun ƙasar ba ta karɓi mulkin kai ba. Yaro ya saki baki gaban ƙasusuwan makeken kadan nan da aka haƙo a Gadafawa. Amma abin da ya fi tsaya masa a rai icen Tenere ne da aka ajiye a can, icen ƙayar da ya rayu shi kaɗai tsakiyar hamada, ayari na yin alama da shi, har wani direban babbar mota ya banke shi a 1973. Ya ce, "Kawu, duk faɗin Tenere mutum ya rasa inda zai bi sai kan ice guda?" Na yi dariya. Da na san abin da ke jiranmu, da na adana dariyar.

Mun ratsa titin da a da yake ɗauke da sunan de Gol, wanda tun Oktoban 2024 ya koma titin Jibo Bakari. Na gaya wa yaron cewa mutumin nan shi ne magajin garin Yamai na farko, a 1956, wato kujerar da kake kai yau, ranka ya daɗe, shi ya fara ɗumama ta. Muka tsaya bakin gadar Kenedi, wadda kafin a buɗe ta a 1970 sai da jirgin fito ake ƙetarawa Harobanda, wancan ƙetaren kogi. Muka bi bakin kogi wajen Gamkalle har majema, ya toshe hanci, ya kuma ƙi tafiya sai da ya ga yadda ake jeme fata. A hanya nake ba shi labarin cewa kafin Turawa su ɗauko babban birni daga Damagaram su dawo da shi nan a 1926, ƙauyuka ne a warwatse: Gudel, Gamkalle, Saga, Kalle, Mauri. Niyyata in ƙarasa da shi Zango, ya ga inda fataken Hausa suka fara sauke kaya, mu leƙa Babbar Kasuwa da ta ƙone a 1982 aka sake gina ta, mu yi azahar a babban masallaci.

Ba mu kai ba. Muna hawowa daga bakin kogi, a wani titi da yashi ya cinye gefensa, wata mota ta matsa masa oda daga baya. Yaro mai tarbiyya, ya kauce ya ba babba hanya. Ƙafar gaba ta nutse, kan keken ya murɗe, ya zube a kwalta, tayar motar ta wuce dab da kansa. Mai motar ko waiwaye. Wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai ce ta bar kaskonta ta zo da ruwa tana salati, muka wanke gwiwa da tafin hannu da suka saluɓe. Keken aro kuwa, sai da na biya kuɗin gyaran ƙafa.

To, ranka ya daɗe, wannan yashin ba daga sama ya faɗo ba, kuma ka fi ni sanin hanyarsa. Yawancin lungunan unguwanni ba su da kwalta. Damina ta zo, ruwa ya kwaso ƙasarsu ya juye a kan babban titi. Hunturu ya zo, iska ta ƙara nata. Magudanan ruwa sun cika sun toshe, in ma an yashe su sai a jibge dattin a bakinsu a tafi, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Matan nan masu shara, Allah ya saka musu, suna fitowa tun da duhu su tara yashi tsibi-tsibi, amma in motar kwasa ba ta biyo baya ba, kafin la'asar tayoyi sun baje shi. Wahalarsu ta zama ɗiban ruwa da kwando. A haka titin da aka yi wa faɗin mota biyu da gefe ya koma na mota biyu cif, gefen ya zama tudun rairayi. Gefen nan kuwa shi ne duk rabon mai keke a garin nan. In ya shiga yashi ya faɗi, in ya fito tsakiya taksi da ƙananan bas na faba-faba da ƴan kabu-kabu su yi masa ca, ana zaginsa wai ya tare hanya.

Su wa ke kan kekunan? Ƴan makaranta, masu gadi da ke komawa gida da safe ido duk barci, masu tallan burodi, leburori, irina. Babu mai jiniya a cikinmu, shi ya sa ba a jin mu.

Abin da ke ƙona min rai shi ne na san ana iyawa. Na ga Yulin 2019 da idona, lokacin taron ƙolin Tarayyar Afirka. Hanyar filin jirgin sama sai ƙyalli, ko allura ka yar za ka tsinta. Ashe yashin Yamai ya san shugabannin ƙasa, yana jin kunyarsu, mu ne ya raina. Shekara da shekaru ana rera mana "Niamey Nyala", wai Yamai tsaf-tsaf kamar amarya. An yi gadojin sama, gadojin kogi sun zama uku, ban raina ba, ni ma ina nuna wa baƙi ina taƙama. Sai dai amaryar an yi mata kwalliya a fuska, ƙafafunta duk faso. Kada a ce min wannan alkawarin na waɗanda suka wuce ne. Wanda ya gaji gida ya gaji bashinsa. Sauya sunan titi aikin yini ɗaya ne, mun kuma yi murna da shi, amma Jibo Bakari ba don allo ya yi gwagwarmaya ba, talakawa ya tsaya wa, kuma jikokinsu ne ke faɗuwa a yashin nan.

Ka tuna Maris na 2025, da isansi ya yi wuya aka yi ta dogon layi a gidajen mai? Kekunan da suka shekara a rataye duk sun sauko, har waɗanda ke yi mana kallon matsiyata suka zo neman famfo. Maƙwabtanmu na Wagadugu, da muke ƙawance da su yanzu, tuni suka ware wa masu ƙafa biyu hanyarsu a manyan tituna. Ni ban ma kai can ba. Don Allah, don Annabi, shebur da baro da motar kwasa nake roƙo, a kan lokaci, kowane mako, har cikin Bukoki da Wadata da Talaje, ba Filato unguwar manya kaɗai ba. A kuma daina barin dattin magudana ya kwana a bakin titi.

Akwai sauran ƙananan abubuwa: ramukan magudana da aka sace murafunsu, fitilun da suka mutu, rashin wurin jingina keke a ƙofar wuraren da baƙi ke zuwa, da ɗan allo a tsofaffin unguwanni da zai gaya wa yaro inda yake tsaye. Waɗannan sa jira.

Yaron ya koma Tawa da tabo a gwiwa. Uwarsa ta kira ni, bayan gaisuwa ta ce, "Yaya, ashe can ma rairayin ne?" Na rasa amsa. Ya ce zai dawo hutun baɗi mu ƙarasa Zango da masallaci, na kuma amsa masa. Kafin nan ina gayyatarka, ranka ya daɗe, wata Lahadi bayan asuba, ba jiniya ba ƴan rakiya. Mu haɗu ƙarƙashin gadar sama ta Katako. Zan ba ka kekena, ni in hau na aro, kai a gaba ina biye.

Naka,
wani malamin makaranta, Bukoki, Yamai