Amsa ga Malamar unguwar Aboabo, Kumasi: zauren WhatsApp da zaman PLC

Assalamu alaikum ƙanwata Malama,

A taron malaman makarantun Zango kin miƙe kin tambaye ni: tun da malamai sun cika zaurukan WhatsApp da Facebook, me zai hana a bar zaman PLC na mako-mako (zaman da malaman makaranta ke yi don koyo da juna) a koma waya, kuma shin abin da ake koya a can yana shiga makin CPD, wato makin ƙarin horon da malami ke tarawa a bakin aiki? Lokaci ya ƙure ranar, ga amsar a rubuce.

Ta biyun ce mai sauƙi. Makin CPD hukumar NTC mai ba malaman Gana lasisi ce ke lissafa shi, ita ce kuma ke tantance masu ba da horo. Hira a zaure, komai daɗinta, ba ta zama maki. Duk wanda ya ce ki tura masa kuɗi ta MoMo (asusun kuɗi na waya) ya aiko miki da satifiket ba tare da kin zauna horo ba, ki fara duba sunansa a shafin NTC. Zaman PLC kuwa ya zo ne tare da manhajar karatu ta 2019, a makaranta ake yinsa, shugaban makaranta na ganin wanda ya zo. Waya ba ta ɗauke shi. Inda take da amfani shi ne wurin da PLC ya gaza: makarantar da ke kaɗai ce mai koyar da lissafi a aji huɗu, ba ki da abokin shawara sai a wata unguwar, kamar Asawase a Kumasi ko Nima a Accra.

Sai dai yawancin zaurukan nan kasuwa ce. WhatsApp na ɗaukar mutum 1,024 a zaure guda, kuma daga an kai ɗari biyu sai gaisuwar Juma'a, sanarwar suna da tallar atamfa su binne aikin. Ki buɗe ƙarami: mutum goma zuwa sha biyar, darasi ɗaya, aji ɗaya ko biyu masu maƙwabtaka. Masu kula biyu, don in wayar ɗaya ta lalace kada zaure ya mutu. Gaisuwa da zumunci a buɗe musu nasu zauren daban, kowa ya huta.

Kowane mako matsala ɗaya tak. Ranar Litinin wata ta ɗauki hoton littafin yaro, ta rufe sunansa da yatsa ko takarda. A ce ya rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5. Kada kowa ya yi gaggawar turo bidiyon YouTube. A fara da tambayar me yaron ya yi tunani: ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Sai wani ya kawo dabara, misali a naɗe takarda gida shida, a shafa wa uku launi, a ƙara biyu, yaro ya ƙirga biyar cikin shida da idonsa, ya kuma ga cewa 2/5 bai ma kai rabin da ya fara da shi ba. A nan mu 'yan Zango muke da wata riba da ba a cika kula da ita ba. Yaran da ke zuwa makarantar allo da Islamiyya kunnensu ya saba da rabi, sulusi da rubu'i, don haka malamar da ta fara da waɗannan kafin ta koma Turancin littafi ta rage wa kanta rabin wahala. Laraba kowa ya gwada a ajinsa. Juma'a a dawo da sakamako da lamba: yara nawa cikin nawa suka gane. "Ya yi kyau, Allah ya saka" ba rahoto ba ne.

Saƙon murya kada ya wuce minti biyu, kuma a bi shi da layi ɗaya a rubuce, domin ba a iya binciko murya bayan wata uku. Tsarin darasi da takardun gwaji a ajiye su a Google Drive ko Telegram, da suna mai ma'ana: aji, darasi, mako. Abin da aka bari a WhatsApp kaɗai, ranar da waya ta cika aka yi shara ya tafi. A kashe saukar da bidiyo ta kai tsaye, in ba haka ba data ta ƙare kafin tsakiyar wata.

Fuskar yaro, sunansa da makinsa ba kayan yaɗawa ba ne. Gana na da dokar kare bayanan mutane tun 2012, kuma hoton da ya fita zaure ba ya dawowa. Idan BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ta matso za ki ga masu turo "apor", wai tambayoyin da suka fita. A goge nan take, a gargaɗi mai turowa, ya sake a cire shi, don lasisin koyarwarki ne ke cikin haɗari. Sannan wanda ya kira ki ya ce an shirya taron malamai ta intanet, ki karanto masa lamba shida da ta shigo wayarki, ɓarawon asusun WhatsApp ne. Ki kashe kiran, ki shiga saituna ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki sa sauran 'yan zauren su yi haka a makon farko.

Ki gaida shugabar makarantarku da sauran malamai.

Yayanki a aikin koyarwa,
Kumasi