Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu dattawa, 'yan uwa masassaƙa, masu gyaran lantarki da masu tausa.

Zaman wata-wata an yi shi a Agege, nan Legas, kamar kullum, ban da watan azumi.

Zan fara da abin da ake ta kira na a waya a kansa, wato injin tausa mai batir da muka ce zai fito kafin babbar salla. Bai fito ba. Amma kafin a ce kwamiti ya yi barci, a ji dalili. Lokacin da muka tsara kasafi dala ba ta kai naira 1,000 ba a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairu ta haura 1,500. Moto, batir da allon caji duk kayan waje ne. Mun zaga kasuwannin kayan lantarki, Alaba da Computer Village, ko'ina labarin ɗaya. Ƙaramin moton da kuɗinmu ya iya saya karkarwa kawai yake yi, da an danna shi a cinya sai ya tsaya cak. Injin tausa na ƙwarai irin su Theragun, kansa yana shiga ya fita har milimita 16, yana bugu kusan 2,400 a minti, shi ya sa yake kaiwa cikin tsoka. Wannan ba a samun sa da fatan alheri, sai da kuɗi.

Kuɗin kuwa ku kuka san inda suke. Ba su kai rabinmu ba waɗanda suka biya kuɗin wata cikakke. Ni da Ma'aji mun bi shago-shago daga Idi-Araba har Mile 12, wani ya ce sai kasuwa ta buɗe, wani yana hango mu ya shige bayan kanta. Abin haushin, masu bashin su ne suka fi kowa tambaya a WhatsApp: ina inji?

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne ranar gwajin kayan tausa na katako a Mile 12. Masassaƙanmu sun fito da iri biyu daga kirya, itacen da ake turmi da shi, don ba ya tsagewa kuma yana karɓar man kaɗanya. Na farko mulmulalle ne mai mariƙi biyu, na cinya da sharaɓa. Na biyu sanda ce mai lanƙwasa kamar ƙugiya, da ɗan dunƙule a bakinta, yadda mutum zai kai tsakanin kafaɗunsa ba sai ya nemi wani ba. 'Yan dako suka yi layi tun hantsi. Wani dattijo da kan nan nasa ya saba da gammo da kwandon tumatir ya maƙala ƙugiyar a dokin wuyansa, ya ja ƙasa, ya lumshe ido, ya ƙi sakinta har sai da na bayansa suka fara ƙorafi. Su ne kuma suka gyara mana aikin. Suka ce mariƙin ya yi santsi idan hannu ya ji mai, a yi masa tsaga-tsaga. Suka ce dunƙulen ya cika tsini, yana sukar ƙashi. Wani ɗan dambe ya kawo shawarar a raba bakin biyu, ya bi gefe da gefen ƙashin baya ba tare da ya hau kansa ba. Masu tausarmu sun tsaya suna jan kunne: ban da maƙogwaro, ban da kan ƙashi, ban da wurin kumburi ko sabon rauni, mai targaɗe ko karaya kuma ya nufi asibiti. Abin da muka kawo ya ƙare kafin la'asar. Allah ya saka wa waɗanda suka yi jigila da aljihunsu, sun san kansu.

Rajistar ƙungiya a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, tana nan inda muka bar ta bara. Takardu sun haɗu, amintattu biyu ne ba su sa hannu ba, kuma kuɗin lauya yana cikin bashin da na ambata.

A zaman Janairu za a karanta sunayen masu bashi a gaban kowa, haka dattawa suka yanke, ba ni ba. Mai son a tsallake sunansa ya ga Ma'aji kafin ranar. Masassaƙa kuma ku zo da ƙugiyar da aka gyara mai baki biyu, a gwada ta a wurin.

Wassalam.
Sakatare