Wuraren wasan yara a Kumasi da amanar mutanen gari

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in yi magana a kan wuraren shaƙatawa da mu mazauna zango muke kai yaranmu a ranakun Sallah.

Tun da aka buɗe Rattray Park a Nhyiaeso a 2015, jama'a suka riƙa tururuwar kallon ruwan wurin da ake fesawa sama yana rawa da dare, fita da iyali ta ƙara shiga ranmu. Sai dai ya kamata masu irin waɗannan wurare su san wanda ke riƙe da kasuwarsu. Baƙon da ya zo daga Ingila hoto zai ɗauka ya wuce, amma uwar da ta ɗebo yara biyar daga Aboabo ita ce za ta dawo baɗi ko ta ƙi, kuma duk abin da idonta ya gani sai ya zagaye unguwa a gidan suna na gaba.

Kashegarin ƙaramar Sallah na kai jikokina wani wuri da ba zan faɗi sunansa ba, kada a ce talla nake yi. A bakin ƙofa an rubuta da alli cewa babban lilo ba ya aiki, kuma mai sayar da tikiti ta nuna mini allon tun kafin ta karɓi kuɗina. Da muka isa wurin ƙaramin jirgin ƙasa mai hawa da gangara, saurayin da ke kula da shi ya tsayar da autan jikokina jikin wata sanda mai jan fenti, ya ce tsawonsa bai kai ba. Na lallashe shi, har da tayin ɗan na goro, abin da nake jin kunyarsa yanzu, amma ya ce, "Baba, ka yi haƙuri." Na ji haushi ƙwarai, sai da na ga yana bin yaran ɗaya bayan ɗaya yana jan bel ɗin kowa da hannunsa kafin ya kunna inji, sannan na tuna da ɗaliban da bishiya ta faɗo wa a magangarar ruwan Kintampo a watan Maris na 2017, jikina ya yi sanyi.

Roƙona shi ne ku tura wakilinku waɗannan wurare a ranar da babu cunkoso, ya nemi a nuna masa littafin da ake rubuta gyaran injuna, ya tambayi wanda ke dubawa da ranar da ya duba na ƙarshe, sannan ya gano mana ko an tanadi wurin alwala da salla.

Naku mai karatu,
daga Aboabo, Kumasi