Kulob ɗin Masu Shirya Fim don Sha'awa Ya Cancanci Fili a Jaridarku

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ɓangare na harkar fim wanda ba kasafai shafukan nishaɗi suke waiwayarsa ba, wato kulob-kulob na mutanen da suke shirya fim don sha'awa kawai, ba tare da sun ɗauke shi sana'a ba. Ni mamba ne a irin wannan kulob, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da nake yawan ji, cewa tunda yanzu kowa yana yawo da kyamara a cikin wayarsa, kuma darussan ɗaukar hoto sun cika intanet, to zamanin kulob ya wuce. Ban yarda da wannan magana ba, kuma ina ganin duk wanda ya san abin da ake yi a cikin kulob ba zai faɗe ta ba.

Masu wannan ra'ayi suna da ɗan abin kafa hujja a tarihi, domin gaskiya ne cewa tsadar kayan aiki tana cikin abubuwan da suka fara haɗa mutane wuri ɗaya. A 1922 kamfanin Pathé na Faransa ya fito da zaren fim mai faɗin milimita 9.5 domin amfanin gida, a 1923 kamfanin Kodak na Amurka ya kawo mai milimita 16, sannan mai milimita 8 a 1932, sai kuma Super 8 a 1965. Kwanson Super 8 guda ɗaya yana ɗauke da zare mai tsawon ƙafa 50, wanda bai wuce ɗaukar minti 3 da daƙiƙa 20 ba, kuma mai shi ba zai ga abin da ya ɗauka ba sai ya aika an wanke an dawo masa da shi. A irin wannan hali dole ne mai kyamara ya nemi mai majigi, su biyun kuma su nemi wanda ya iya yanka zare da liƙa shi. Amma ko a wancan lokaci aron kaya bai taɓa zama dukkan aikin kulob ba. Ƙungiyar Amateur Cinema League da aka kafa a Amurka a 1926 tana da mujallarta, kuma daga 1930 ta riƙa zaɓen finafinai goma mafiya kyau na masu sha'awa a kowace shekara. A Ingila an kafa cibiyar masu ɗaukar fim don sha'awa a 1932, shekarar da aka buɗe wani kulob a birnin Bradford wanda ya rayu har zuwa wannan zamani na wayar hannu. A 1937 kuma aka kafa UNICA a birnin Faris, wadda take haɗa ƙungiyoyin ƙasashe daban-daban, take kuma shirya bikin nuna finafinansu. Da kayan aiki ne kaɗai ya riƙe waɗannan ƙungiyoyi, da sun watse tun ranar da kyamarar bidiyo ta yi araha.

Aikin kulob yana farawa ne tun kafin a taɓa kyamara. A zaman rubutu, wanda ya zo da labari yakan raba kwafi, a ba kowane mamba matsayin ɗan wasa ɗaya, a karanta da ƙarfi daga farko zuwa ƙarshe. Nan take ake gane maganar da ba ta zauna a baki ba, da wurin da marubuci ya sa jarumi yana bayyana abin da ya kamata ido ya gani da kansa. Akwai ƙiyasin da masu fim suka daɗe suna aiki da shi, cewa shafi ɗaya na rubutu yakan ba da kusan minti ɗaya a allo, saboda haka a kulob ɗinmu ba a karɓar labarin sabon mamba idan ya wuce shafi biyar. Wasu sukan ji haushin wannan ƙa'ida da farko, amma ina ganin ita ce mafi amfani a cikin ƙa'idojinmu, domin fim ɗin minti biyar da aka kammala aka nuna wa mutane ya fi koyarwa a kan na awa biyu da ya maƙale a kwamfuta ba a gama ba.

Ranar fita lokeshan ita ce take nuna cewa fim aikin taro ne. Ana bukatar darakta, da mai ɗaukar hoto, da mai riƙe makirfo, da mai kula da haske, da mai lura da kwantiniti, wato daidaituwar abubuwa daga wannan ɗauka zuwa waccan, ban da 'yan wasa. Kulob mai kyau yakan juya waɗannan ayyuka a tsakanin mambobinsa, ta yadda wanda ya ba da umarni a wannan fim shi ne zai riƙe sandar makirfo a na gaba, hannuwansa a sama har kafaɗunsa su yi tsami. Wanda ya taɓa yin haka ba zai sake barin ma'aikata a tsaye suna jira ba yayin da yake tunanin inda zai kafa kyamara.

Zan ɗan tsaya a kan sauti, domin a nan ne mai aiki shi kaɗai ya fi faɗuwa. Mai kallo yana iya haƙuri da hoto mai ɗan duhu ko mai ɗan girgiza, amma da zarar ya kasa jin abin da 'yan wasa suke cewa, ya bar fim ɗin ke nan. Kunnen mutum yana tace ƙarar da ba ya so ba tare da mai shi ya sani ba, makirfo kuwa ba ya tace komai, yana kwashe gurnanin firiji da kaɗawar fanka da iskar da take bugunsa daidai da yadda yake kwashe muryar jarumi. Saboda haka mai sauti a wurinmu yana da ikon tsayar da ɗauka kamar yadda darakta yake da shi. Idan an gama aiki a ɗaki kuma, kafin kowa ya motsa, sai ya ce a yi shiru, mutane su tsaya cik na rabin minti yana naɗar sautin ɗakin shi kaɗai. Baƙo yakan yi mamakin ganin ana naɗar shiru, amma mai editin ya san darajarsa, domin da shi ne zai cike giɓin da ke tsakanin maganganu don kada kunne ya ji wurin da aka yanka. Haka nan mai kwantiniti yana zaune da littafinsa yana rubuta cewa kofin yana hannun hagu, ƙofar a buɗe take, agogon bango yana nuna ƙarfe kaza, domin rabin fitowar da aka ɗauka yau ana iya ƙarasa ta bayan mako biyu. Shi ne kuma yakan tunatar da mai kyamara kada ya tsallaka layin da ke tsakanin mutum biyu masu magana, in ba haka ba a allo sai a ga kamar dukansu gefe ɗaya suke kallo. Duk waɗannan abubuwa akwai bayaninsu a intanet, amma a tsakiyar aiki, lokacin da rana take neman faɗuwa kuma kowa ya gaji, sai an sami mutum na biyu da na uku kafin a tuna da su.

Editin ya yi sauƙi ƙwarai a yanzu, tunda akwai manhajoji masu ƙarfi irin su DaVinci Resolve da ake samun nau'insu kyauta. Abin da bai yi sauƙi ba shi ne mutum ya yarda ya jefar da hoton da ya sha wahala kafin ya same shi.

Wannan ya kawo ni ga zaman kallo, wanda a ganina shi ne zuciyar kulob. Tsarinmu shi ne a kashe fitila, a ajiye wayoyi, a kalli fim ɗin a babban allo har ƙarshe, sannan darakta ya yi shiru, ba shi da izinin cewa uffan sai masu kallo sun faɗi abin da suka fahimta. Na ga daraktan da ya shirya fim a kan wa da ƙanensa, amma rabin ɗakin suka ɗauka abokai ne, saboda kalmar da ta bayyana dangantakarsu ta zo ne daidai lokacin da wata mota take wucewa. Da ya fara yin bayani kafin a yi magana, da kowa ya gyaɗa kai an wuce wurin, shi kuma ya tafi da kuskurensa. Wanda ya ɗora fim ɗinsa a Facebook ko YouTube yana samun adadin waɗanda suka kalla da 'yan kalmomin yabo daga abokai, amma babu mai gaya masa cewa a minti na uku ne hankalin mutane ya tafi, kuma ba zai ji lokacin da ɗaki ya yi dariya a wurin da ya so a yi kuka ba. Suka a kulob tana da ladabinta: ana magana a kan fim, ba a taɓa mutuncin mai shi, kuma duk mai suka ya san mako mai zuwa nasa ne za a haska. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, kuma wannan juyi shi ne yake hana mutum taka nasa ya hango na wani.

Gasa ma tana da amfaninta, musamman wadda take ɗaure mutum da iyaka. A bikin UNICA akwai gasar finafinan da ba su wuce minti ɗaya ba. Akwai kuma gasar awa 48 da aka fara a babban birnin Amurka a 2001, inda ake ba kowace tawaga nau'in labari da wani mutum da wani abu da wata jimla da dole su fito a fim ɗin, a ce ta rubuta, ta ɗauka, ta haɗa, ta miƙa cikin kwana biyu. Kowane kulob yana iya kwaikwayon wannan a tsakanin mambobinsa ba tare da ya kashe komai ba.

Akwai kuma tarbiyyar aiki da kulob yake dasawa, wadda nake ganin zamanin nan ya fi kowane lokaci bukatarta. Ba ma haska fuskar kowa sai da yardarsa a rubuce, idan yaro ne kuma sai da yardar iyayensa. Ba ma ɗora waƙa ko kiɗan wani a fim sai da izinin mai haƙƙi, kuma duk wanda ya yi aiki, ko da fitila ya riƙe, sai sunansa ya fito a ƙarshe.

Batun da ya fi damuna shi ne adana abin da aka ɗauka. Masu sha'awa sukan ɗauki abin da manyan kamfanoni ba su kula da shi ba, kuma wani lokaci abin da suka ɗauka yakan zama shaidar tarihi. Hoton da aka fi sani na kisan Shugaba John Kennedy a birnin Dalas ranar 22 ga Nuwamba, 1963, wani mai sana'ar ɗinka tufafin mata ne, Abraham Zapruder, ya ɗauke shi da kyamarar milimita 8, kuma tsawonsa kusan daƙiƙa 26 ne kacal. Yawancin finafinan masu sha'awa ba su kai wannan nauyi ba, amma suna riƙe da yadda mutane suke magana da tafiya da aiki a wani zamani, abin da jikoki za su nema su rasa. Tsohon zaren fim yana lalacewa idan zafi da laima suka same shi, kaset ɗin bidiyo yana shuɗewa tare da na'urar kunna shi, fayil ɗin da ke waya ɗaya tak kuwa yana tafiya ranar da wayar ta ɓace. Domin jan hankali ga wannan ne UNESCO ta keɓe ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da kayan tarihi na sauti da hoto. Kulob da yake da ma'aji, mai ajiye kowane fim a wuri biyu ko uku tare da sunayen waɗanda suka yi shi da shekarar da aka yi shi, yana yin aikin da mutum ɗaya ba kasafai yake ɗorewa a kansa ba.

Ba na cewa kulob-kulob ba su da aibu. Na san inda mai kyamara mafi tsada yake zama sarki, kowane labari sai nasa, kowane fim shi ne darakta. Na san inda tsofaffin mambobi suke raina abin da matasa suke ɗauka da waya, har matasan su daina zuwa, alhali tun 2018 fitaccen darakta Steven Soderbergh ya fitar da cikakken fim ɗin silima da ya ɗauka da iPhone. Akwai kuma masu shigowa da tunanin cewa kulob tsani ne kawai na shiga masana'anta. Gaskiya ne cewa Steven Spielberg da ƙaramar kyamarar milimita 8 ya fara tun yana yaro, kuma muna murna idan wani namu ya zama ƙwararre, amma malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya da suke zuwa bayan sun tashi daga aiki, ba su da niyyar barin sana'arsu, su ne ƙashin bayan kulob, kuma bai kamata a auna su da ma'aunin kasuwa ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, roƙona guda biyu ne. Na farko, ka ware ɗan fili a shafin nishaɗi, ko da sau ɗaya ne a wata, inda kulob-kulob za su sanar da ranakun zaman kallonsu da gasanninsu, domin mutane da yawa masu sha'awar wannan aiki ba su san akwai irinsu a kusa da su ba. Na biyu, ka riƙa tura mai sharhin finafinanku ya halarci irin wannan zama, ya kalli gajerun finafinan da idon da yake kallon manya da shi, ya rubuta abin da ya yi kyau da abin da bai yi ba, ya ambaci mai sauti da mai editin kamar yadda yake ambaton darakta. Ƙofar kulob ɗinmu a buɗe take gare shi, kuma za mu aiko muku da jadawalin zamanmu na gaba idan kun amince.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Mai karanta jaridarku, mamba a wani kulob na masu shirya fim don sha'awa