Wasiƙa zuwa ga mutumina a Fatakwal

Assalamu alaikum, Alhajin Allah.

Wata bakwai ko filashin babu! Na san da laifina, amma kai ne babba, tunda kullum sai ka tuna mini wata ukun da ka ba ni. Ya Fatakwal, ya ruwan saman da ba ya ɗaukewa?

Maganar ɗanka Nasiru ce ta hana ni barci. Ya gama difloma a kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru, ya ce shi ba zai yi ta yawon ofis-ofis da takardu ba, zanen kayan ɗaki zai yi. Kar ka ce masa kafinta, yanzu zai ɓata rai. Yana zama gaban kwamfuta ya fitar da gado da sif da madubi, har inda kowace ƙusa za ta shiga. Ni da na shekara ashirin ina shaƙar ƙurar katako, wallahi sai na tsaya ina kallo.

To amma ka san Birnin Kebbi. Wata Hajiya ta zo neman kayan ɗakin 'yarta, yaron ya kwana uku yana zane. Ya tura mata a WhatsApp, ta kai wa wani kafinta ya yi mata da araha. Da ya kira, ta ce, "Yo hoto ma sayar da shi ake yi?" Ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Na ce masa a nan zane kaɗai ba ya ciyar da mutum, sai ya haɗa da zarto da guduma. Kuma ƙofa a buɗe take. Tun 2023 da aka cire tallafin mai, dala ta haura, kayan Turkiyya da Caina suka fi ƙarfin yawancin iyayen amare, suka dawo wurinmu. Mu ma katako da filawud sun yi tsada, amma aure ba ya tsayawa. Gab da azumi har aiki muke mayarwa.

Af, Ɗan Jega ya ƙara ta uku! Bashi na yi masa gadon, ka san sauran labarin. Shinkafarsa ta fadama kuwa ambaliya ta cinye, don haka na yi shiru.

In ka san wani kamfanin kujeru a can ko Abuja da ke ɗaukar yara koyon aiki da manyan injina, ka yi wa ɗanka magana. Uwarsa ba ta son ya yi nisa, amma zan shawo kanta.

Ka gaida Maman Iman. Tumbin nan ya ragu kuwa?

Naka,
Ogan kafintoci